Shishar haɗin gida a Zariya: a wane gefe dafin yake?

Tun da kaya suka yi tsada, tukunyar shisha ta kanti ta fi ƙarfin aljihun samari da yawa. Akwai kuma mai kuɗin saye amma ba shi da inda zai ɓoye ta daga idon iyaye ko na mai gidan haya. Shi ya sa a ɗakunan ɗalibai na Samaru da Kongo, da shagunan samari a Tudun Wada da Sabon Gari, ake cin karo da wadda aka haɗa da hannu. Wanda ya ga ɗaya ya ga sauran. Gorar ruwa ce ta lita ɗaya da rabi, an huda murfinta da ƙusa mai zafi, an zura guntun bututu har ya nutse cikin ruwan. A saman bututun an ɗora gwangwanin tumatir ko na madara da aka huda gindinsa, an rufe bakinsa da takarda mai ƙyalli da aka tsattsaga da allura. A kafaɗar gorar an soka tiyo, galibi farin nan mai shara-shara da magina ke duba lebur da shi. Duk inda iska ke zurarewa an toshe da cingam ko kakin kyandir ko sufa gulu, an naɗe da baƙin salatif na masu wayarin. In an gama a wargaza, a jefa gorar a bola, babu mai cewa ga abin da aka yi.

In hira ta biyo ta kan lafiyar wannan haɗi, kusan kowa gorar yake kallo. Za ka ji ana cewa ai roba ce, roba kuma tana kawo ciwon daji, a nemo kwalbar gilashi shi ke nan an tsira. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Cikin duk tarkacen da aka haɗa, gorar ce ta fi ƙarancin laifi. Wanda ke son ya san inda haɗarin yake, zafi zai bi, daga sama ya gangaro ƙasa.

A shisha ba a cinna wa tabar wuta kai tsaye kamar sigari. Garwashi ake ɗorawa a kan takardar alminiyam, mai sha ya zuƙa, iska ta ratsa garwashin ta ɗauki zafinsa da hayaƙinsa, ta bi ta cikin jiƙaƙƙiyar tabar da aka cuɗa da zuma ko ruwan rake da gilisarin da filebo, ta gangara bututu, ta ɓulɓulo ta cikin ruwa, sannan ta bi tiyo zuwa huhu. Masu bincike a Jami'ar Amurka da ke Beirut, waɗanda suka daɗe suna aune-aune a kan shisha, sun auna zafin da ke daf da garwashin ya kai wajen digiri 450 a ma'aunin Selshiyas. Daga nan yana raguwa da sauri, kafin hayaƙin ya fito daga cikin ruwa ya huce. Ke nan ɗan tazarar nan da bai wuce tsawon yatsa ba, daga garwashi zuwa bakin bututu, shi ne wurin da kowane irin kaya ke nuna halinsa. Kuma a nan ne mai haɗin gida ya fi sakaci.

Ɗauki gwangwanin. Na tumatir da na madara ƙarfe ne da aka shafe da kuza, kuma yawanci cikinsa na da wani siririn fenti na roba da ke hana abinci cin ƙarfen. Na lemo alminiyam ne, shi ma da irin wannan shafe a ciki, ga fentin tambari a waje. An yi shafen ne don ya jure zafin da ake dafa abincin gwangwani da shi a masana'anta, wajen digiri 120. Kuza kanta tana narkewa a digiri 232. Babu wanda ya ƙera su da niyyar a ɗora musu garwashi na tsawon awa guda. Bayan zama ɗaya ka leƙa cikin gwangwanin, za ka ga bakinsa ya yi baƙi, fentin ya kumbura ya ɓare kamar an kankare. Abin da ya ɓace daga jikinsa bai da wata hanyar fita sai bututun nan.

Takardar da ake rufe shi da ita ma akwai magana. Mutane na tsoron alminiyam ɗin kansa, ni kuwa a ganina shi ne ƙaramin abin damuwa, don sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa. Abin dubawa shi ne ko alminiyam ɗin ne da gaske. Ledar biskit da ta cincin mai ƙyallin azurfa roba ce aka fesa wa ɗan ƙurar ƙarfe. Takardar cikin kwalin sigari da ta naɗin alewa an manne su da takarda ko kaki, wasu da tawada a kai. Yaron da ya rasa ta girki ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗannan, leda da gam yake gasawa yana zuƙa.

Wani zai ce to ai da roba na ƙonewa da an ji wari. A nan ne shisha ta fi sigari yaudara. Hanci da maƙogwaro su ne masu gadin huhu, da sun ji ƙauri sai tari ya taso, mutum ya kau da kai. Filebon tuffa da na'a-na'a yana danne warin, ruwan sanyi ko ƙanƙarar da aka zuba yana kashe zafin da zai sa a tari. An sallami maigadi an bar ƙofa a buɗe.

Sai bututun tsakiya, wanda a wurinsa ne ake yin ƙirƙira iri-iri. Saurayi zai tsaya a shagon kayan famfo a kasuwar Sabon Gari ya ce, "Oga, a yanko min rabin mita na wannan." Mai shago ba zai tambayi aikin da za a yi da shi ba, shi a tunaninsa ruwa ko wayar lantarki ce za ta bi ciki. In farin bututun wayarin ne, robar da ake kira PVC ke nan, yana fara laushi tun wajen digiri 80, in ya haura 200 kuma yana sakin iskar haidurojin kulorayid, wadda da ta taɓa danshin maƙogwaro take komawa asid. Kan bututun da ke manne da gindin gwangwani yana iya yin laushi tun ba a yi nisa da zama ba. Baƙin salatif ɗin da aka naɗe mahaɗar da shi, shi ma PVC ne. Gidan biro da wasu ke sakawa bai fi shi juriya ba.

Masu ganin sun waye sai su ce ƙarfe za su sa. Wane ƙarfen? Bututun ruwa mai launin toka da kwanon rufi duk an shafe su da tutiya. Tambayi duk mai walda da ya daɗe a sana'a abin da ke biyo bayan yinin da ya yi yana ƙona irin wannan ƙarfe: da dare zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon jiki, ɗanɗanon ƙarfe a baki, washegari ko jibi ya warware. Hayaƙin tutiya ne. Su kan sha madarar gwangwani a matsayin kariya, amma madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu. Gaskiya ita ce tsakiyar bututun shisha ba ya kai zafin walda, domin tutiya na narkewa ne wajen digiri 420, sai ta haura 900 take tafasa. Inda abin ke taɓa ta shi ne in an yanki kwanon rufi an yi faifan ɗora garwashi ko murfin kare iska da shi. A cikin bututun kuwa matsalar ta dabam ce. Kullum a jiƙe yake, shafen yana cinyewa, tsatsa na biyo baya, kuma shafen tsofaffin bututu yakan zo da ɓurɓushin dalma da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba.

Jan ƙarfen da ake tsintowa wurin masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yana da kyan gani, yana lanƙwasuwa yadda ake so. Sai dai shekaru ya yi man kwamfuresa na zagaya cikinsa, kuma da ya sha danshi yake yin tsanwa. Kawunan famfo da mahaɗai na tagulla, musamman masu araha, sukan ƙunshi dalma kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari don su yi sauƙin ƙira. Mafi muni shi ne wanda zai kai haɗinsa wurin mai gyaran rediyo a liƙe masa da soda. Sodar da aka saba da ita kuza ce kashi 60, dalma kashi 40, kuma tana narkewa kafin zafi ya kai digiri 190.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan dalma. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga ƙurar duwatsun zinare da ake daka a cikin gida. Ba ina cewa zaman shisha ɗaya zai yi wa mutum abin da ya faru a can ba, ƙurar can ta yi yawan da ba a kwatanta ta da wannan. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Kuma ba ta fita da wuri, a ƙashi take zama na shekaru, tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hawan jini. Ga 'yan mata, waɗanda yanzu ba a bar su a baya ba wajen shisha, abin da ya taru a ƙashi yana iya dawowa cikin jini lokacin goyon ciki ya isa ga ɗan tayi.

Yanzu mu zo kan gorar da ake ta zargi. Duba gindinta za ka ga lamba 1 a cikin alamar kusurwa uku, wato robar PET. Tana fara motsewa wajen digiri 70, ruwan cikinta kuwa ko ɗumi da ƙyar yake yi. Laifinta na gaskiya rashin nauyi ne. An ɗora mata garwashi a ka, ga tiyo ana fizga daga hannu zuwa hannu a kan katifar soso. Da ta kife, soso ya kama, kuma hayaƙin soso yana daga cikin masu saurin sumar da mutum. Wanda ya gane haka ya nemo mazubi mai nauyi yakan faɗa wa abin da ya fi wannan. A garin da ke kewaye da gonaki kamar Zariya, daga Shika zuwa Soba, galan da kwalaben maganin feshi ba sa wuyar samu, haka na baƙin mai da na ruwan batir. Roba tana shan abin da aka daɗe ana ajiyewa cikinta, wanki da omo ba ya fitar da shi duka. Dalilin da ya sa ƙa'idar malaman gona ita ce a ɗauraye mazubin maganin feshi sau uku a huda shi, don kada wani ya sake amfani da shi.

Tiyo ba ya shan zafi sosai, don haka maganar sinadaran da ake tausasa roba da su ba ta kai ta saman tukunya ba, ko da yake warin sabuwar robar nan da ake ji alama ce cewa wani abu na tashi daga jikinsa. Tarihinsa ne abin tambaya. Akwai masu ciro tiyon mai daga janareta ko babur. Akwai ma masu ɗauko na ƙarin ruwa da aka riga aka yi wa marar lafiya amfani da shi, wannan kam ba sai an tsaya muhawara a kai ba. Ko sabo ne, in ba a wanke shi ana shanyawa, cikinsa na yin baƙi-baƙin fumfuna, balle in an zuba madara ko lemo a madadin ruwa don hayaƙi ya yi kauri. Sannan mutum shida suna karɓa-karɓa da baki ɗaya. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma nan Saye, kusa da Zariya, muke da cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta. Ɗaki a rufe, ana zuƙa mai zurfi ana tari a fuskar juna, da wuya a samu yanayin da ya fi wannan dacewa da yaɗuwarsa.

To akwai kayan da za a ce sun fi? Akwai. Gasasshen yumɓu da ba a shafa masa fenti ko ƙyalli ba yana jure wuta, kuma da shi kakanninmu suka yi kan lofe. Gilashi mai kauri da ba a taɓa zuba masa guba ba, ƙarfen da ba ya tsatsa irin na kayan abinci wanda masu walda ke kira sitenles, da tiyon silikon na abinci da ke jure zafi har wajen digiri 200, waɗannan su ne abin da tukunya mai kyau ke ƙunsa. Matsalar ita ce a wurin 'yan gwangwan babu mai iya gaya maka asalin ƙarfen da ka ɗauka. Gwajin maganaɗisu da ake yi yana taimakawa kaɗan, tun da sitenles mai kyau ba ya kama shi sosai, amma alminiyam da tagulla da dalma ma duk ba sa kamawa. Kada kuma mai tukunyar kanti ya yi dariya. Masu arahar da ake shigowa da su sau da yawa ƙarfe ne marar suna aka shafa wa ƙyalli, wasu tiyon nasu da zaren waya a ciki da ke tsatsa har ana zuƙo garinsa.

A ce mutum ya samu duk kayan nan masu kyau. Abin da ya yi shi ne ya cire ƙarin dafin da bola ta kawo. Na asalin yana nan yadda yake.

Tunanin cewa ruwa na tace hayaƙi ya girmi duk wanda ke faɗarsa yau. Tarihin da aka fi ambata ya danganta tukunyar da wani likita a fadar Sarki Akbar na Indiya, Hakim Abul Fath, a ƙarshen ƙarni na 16, wanda ya ba da shawarar a bi da hayaƙin taba ta cikin ruwa don ya rage cutarwa. Shekara ɗari huɗu ke nan maganar na yawo, har ta iso unguwar Zangon Shanu a nan Zariya a bakin ɗalibi yana cewa, "Ai ruwa ya wanke komai." Ruwa na sanyaya hayaƙi, yana riƙe wani ɓangare na nikotin, amma kabon monoksaid, iska mai guba da gawayi ke fitarwa in yana ci, kusan ba ta narkewa a ruwa, wucewa take abinta. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan shisha, inda ta ce mai sigari yakan yi zuƙa 8 zuwa 12 a kara ɗaya, ya shaƙi hayaƙi wajen rabin lita. Zaman shisha kuwa yakan ɗauki minti 20 zuwa 80, zuƙa 50 zuwa 200, kowace tana iya kai wa lita guda. A yawan hayaƙi, zama ɗaya na iya kai wa na kara 100 ko fiye. Ana yawan juya wannan lissafi a ce shisha ɗaya daidai take da sigari 100 a komai, alhali maganar yawan hayaƙin ce, ba a ce kowace guba ta ninka haka ba. Ko a haka ma ba ƙaramin abu ba ne.

Masu cewa "filebo ne kawai, ba taba a ciki" su ma ba su tsira ba. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan filebo taba ce aka jiƙa. Wanda babu taba a cikinsa da gaske, nikotin kaɗai ya rasa. Binciken na Beirut ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin shisha daga gawayi yake fitowa, haka mafi yawan wani rukunin sinadarai masu jawo ciwon daji. Gawayi kuwa ba ya canzawa don an canza abin da ke ƙarƙashinsa. Mai saurin kamawa da ake sayarwa a naɗe, wanda ke tartsatsi da an kusanto da ashana, sinadarin hura wuta aka cuɗa masa. Mai haɗin gida sau da yawa ko wannan ba ya saye, na girki yake ɗebowa a buhu, wanda bai san itacen da aka ƙona ba, ya hura shi da leda ko kalanzir kamar yadda ake hura kurfoti, ya ɗora tun bai gama ja ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya fito ya nemi jami'an tsaro su murƙushe shisha da sauran taba mai filebo. Tanzaniya ta haramta ta a 2016, Ruwanda da Kenya a 2017. Ba na jayayya da manufar. Sai dai duk lokacin da aka matsa wa gidajen shisha, wani kaso na masu sha ba dainawa suke ba, ɗaki suke komawa. Zariya ba baƙuwar taba ba ce, garin da aka kafa masana'antar sigari tun ƙarshen shekarun 1950, kuma kowace uwa ta san warin sigari a rigar ɗanta. Warin tuffa da na'a-na'a ne ba ta sani ba, sai ta ɗauka turaren ɗaki ne. Shi kuma yaron, don kada ko wannan ya fita, yana kulle ƙofa, ya rufe taga, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofar.

Haɗa wannan da sanyin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke sa ko marar abin ɓoyewa ya toshe kowace kafa. Garwashi na ci a ɗaki ƙarami, wani na jira a kasko a gefe, mutum biyar suna fesar da hayaƙi. Kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jan sinadarin jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya. Ita ce dai iskar da ke kashe iyali guda a dare ɗaya in an kwana da janareta a cikin gida. Alamunta na farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala. A majalisar shisha sunan wannan "ta yi caji", har ana yi wa wanda ya fara layi dariya ana cewa rago ne. Wanda ke kwance a gefe yana danna waya bai taɓa tiyon ba, shi ma yana shaƙa.

In wani ya yanke jiki ya faɗi, ko ya rikice yana magana ba kan gado, abin da aka saba yi shi ne a watsa masa ruwa, a ɗura masa madara ko manja, a ce a bar shi ya yi barci zai warware. Barci a ɗakin nan shi ne abin da zai iya ƙarasa shi, ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma yana iya shaƙe shi. A fitar da shi waje, a buɗe ko'ina, a fitar da garwashin, a nufi asibiti mafi kusa. A iskar waje jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Ɗan abin da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin ba ya bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki kabon monoksaid, yana iya nuna 98 ga wanda ke cikin haɗari. Don haka abokan da suka kawo shi, waɗanda tsoron kada labari ya kai gida yakan sa su ce "Likita, kawai faɗuwa ya yi", su ne kaɗai ke da bayanin da zai sa a gane abin da ke damunsa: an kunna gawayi a ɗaki a rufe, kuma su ma da suka zauna tare da shi a duba su.